Jujin Bayan Gidanmu

Ina ɗan shekara tara aka damƙa mini jaki da mangala a gidanmu na Kurya Madaro. Bazara na kamawa sai mu fasa jujin bayan gida: kashin awaki da tumaki, tokar murhu, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, duk sun kwanta sun yi baƙi. In yi ta jigila zuwa gona, ina zubarwa tsibi-tsibi, kakana na biye da ni yana nuna inda gero ya yi rauni bara.

A gidan ba a san zubar da abu ba. Kara ya zama danni, in ya tsufa ya shiga murhu, tokarsa ta koma juji. Harawa da karmami na dabbobi ne, dusa ma haka. Amma babban jigon shi ne Bafillace. Bayan kaka sai ya sauka da garkensa a gonarmu, shanu su ci kara su kwana, su bar taki. Kakana ya ba shi damin gero, matar Bafillacen ta kawo nono a ƙwarya. "Malam, bana ina za mu kafa mashekari?" Haka yake tambaya, ba takarda, ba shaida.

Amma wannan tsari bai ɗore ba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka fara barin ƙasar buhu-buhu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa juji. Farin 1973 ya rage shanu. Daga 1976, zamanin shirin noma na Obasanjo, takin zamani mai rangwame ya shigo, mutane da yawa suka yi sakaci da juji. Ban ga laifinsu ba, kamfa ta fi mangala sauƙin ɗauka. Sai dai da ta yi tsada, kuma rashin tsaro ya raba manomi da makiyayi daga Zurmi har Shinkafi, gona ta rasa duka biyun. Wannan shi ke ci mini rai.

A 1991 an rufe mutum takwas shekara biyu cikin wani katafaren gidan gilashi a Arizona ta Amurka, su noma abincinsu, su mayar wa ƙasa sharar su. Da na karanta labarin, kakana na tuna.

Bara na tarar da ɗan ƙanena yana fasa jujin nan. Sai da ya yi rabin yini yana tsince leda kafin ya cika mangala ɗaya.