Tela da Kayan Amarya a Zangonmu

Jama'a, duk gidan da aka sa ranar biki, tambayar uwar amarya ɗaya ce: wa za a ba ɗinki? Tambayar nan ta daɗe, don haka bari mu waiwayi yadda iyayenmu suka bi da ita.

Kakanninmu fataken goro ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka gangaro kudu, da Turawa suka ci Kumasi a 1896 kuwa sai zangonmu ya yi ta cika. A zamanin nan ɗinki aikin maza ne, da allura da zare. Babbar riga takan ci watanni, amma zanen amarya ba ya bukatar awo, sai dai a haɗa ƙyalle a yi kalmasa.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903. Sannu a hankali atamfa da keken Singer suka yawaita, mata suka shiga sa riga daidai jiki. To, ga wuya: baƙon namiji ba ya shiga gida ya auna budurwa. Sai a aika wa tela da tsohuwar rigarta ya yi awo da ita, ko a kai wa matan da ke da keken hannu cikin gidajensu.

Yaya aka san na amana? Ba a duban allon shago. Abin da akan tambaya shi ne, wa ya koya masa, a gidan wa ya sauka? In ya ɓata yadi 6 na lefe, maigidansa za a kai wa ƙara, in abin ya gagara a je gaban Sarkin Zango. Sa'an nan ba a fara ba shi kayan biki sai an ba shi rigar yara tukuna, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Cikin waɗanda suka tafi har da teloli, sana'ar ta koma hannun yaransu da suka rage.

Yau rigar amarya takan zo a ɗinke, daga Dubai, ko daga 'yan'uwa a Ingila, ko kasuwar Kantamanto ta Ankara. Aikin tela ya zama gyara, watau a tsuke nan a rage can. Wannan ya fi sabon ɗinki hatsari, gama abin da almakashi ya ci ba ya dawowa, kunya kuwa ta dangi duka ce.

Saboda haka mu riƙe dabarar iyaye. Mu tambayi wanda ya koya wa tela, mu gwada shi da ƙaramin aiki, mu kai riga tun biki da sauran wata guda, kada kuma a yanka sai amarya ta sa an gani. Allah ya ba da zaman lafiya, amin.