Guinness: Yadda baƙar giyar Ireland ta koma dogaro da dawar Arewacin Najeriya

A watan Fabrairun 2022 hukumar Hisbah ta jihar Kano ta sa motar rusau ta bi ta kan kwalaben giya kusan miliyan huɗu a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. A wannan ƙaramar hukumar ce kuma kasuwar Dawanau take, inda manyan motoci ke lodin hatsi dare da rana zuwa kudancin ƙasar da ƙasashen maƙwabta.

Abubuwan biyu suna da alaƙar da ba kasafai ake maganarta ba. Wani kaso na dawar da manoman Arewa ke girbewa yana ƙarewa ne a tukwanen kamfanonin giya, ciki har da na Guinness, wadda asalinta daga birnin Dublin na ƙasar Ireland ne. Mutumin da bai taɓa kai kwalba bakinsa ba yana iya samun kansa a farkon wannan harka a matsayin manomi, ko a ƙarshenta a matsayin mai sayen lemon malt.

Wace irin giya ce?

Guinness tana cikin rukunin giyar da Turawa ke kira stout. Ana yin ta da ruwa da sha'ir da yis da wani fure mai ɗaci da ake kira hops. Ana gasa wani ɓangare na sha'irin sai ya yi baƙi kamar 'ya'yan gahawa, daga nan launinta da ɗacinta suke fitowa. Samfurin Ireland ya bambanta da wasu na Ingila ta wajen rashin zaƙi, domin yis yana cinye kusan dukkan sukarin da ke ciki.

Arthur Guinness ya karɓi hayar masana'antar St James's Gate a Dublin ranar 31 ga Disambar 1759, kan fam 45 a shekara, na tsawon shekara 9,000. Ba kuskuren rubutu ba ne, haka takardar ta ce. Ba shi kaɗai ne a fagen ba. Birnin Cork da ke kudancin ƙasar yana da nasa guda biyu, Beamish da ta samo asali a 1792 da Murphy's da aka kafa a 1856, kuma mutanen Cork da yawa suna fifita su a kan ta Dublin saboda kishin gari.

A Ireland an fi shan ta a mashaya, daga famfo ake tsiyayo ta zuwa kofin gilashi. Tun 1959 kamfanin ke haɗa ta da iskar naitirojin, wadda ke sa kumfa mai kauri ta taru a saman kofi. Ana zuba ta sau biyu: a kusa cika kofin, a jira kumfar ta lafa, sannan a ƙarasa. Kamfanin ya ce aikin na ɗaukar daƙiƙa 119 da rabi, lissafin da ya fi kama da dabarar talla.

Mashayar ƙauye a can ta daɗe tana zama dandalin jama'a, inda ake jin labarin rasuwa da farashin shanu da sakamakon wasanni, kusan aikin da teburin mai shayi ko majalisar ƙofar gida ke yi a Kano da Maraɗi. Al'adarsu ita ce kowa a tebur ya saya wa sauran idan layi ya zo kansa, abin da ke sa mutum ya sha fiye da niyyarsa. Amma al'adar tana ja da baya. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ce mashaya fiye da 2,000 ne suka rufe a ƙasar tun daga 2005. Ireland ɗin ma tana da tarihin yaƙi da shaye-shaye, tun gangamin da limamin Katolika Theobald Mathew ya fara a Cork a 1838.

Yadda ta iso Najeriya

Wadda ake sayarwa a Najeriya ba irin ta mashayar Dublin ba ce. Tun 1801 kamfanin ya fara yin wani samfuri na musamman domin safara a jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu zafi, aka ƙara masa barasa da ɗaci don kada ya lalace a hanya. Shi ne ya zama Foreign Extra Stout. Ƙarfin barasar ta Najeriya ya kai kashi 7.5 cikin ɗari, ta famfon Ireland kuwa kashi 4.2 ce.

A 1962, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, aka gina masana'antar Guinness a Ikeja da ke Legas, ta farko a wajen Ireland da Birtaniya. Daga baya aka ƙara wasu a birnin Benin da unguwar Ogba ta Legas. Kasuwar ta bunƙasa har a 2007 aka ba da rahoton cewa Najeriya ta zarce ita kanta Ireland wajen shan Guinness.

Talla ta taka rawa sosai. An daɗe ana danganta ta da ƙarfin jiki da mazakuta, kuma har yau akwai masu cewa tana ƙara jini. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya yi wa mai ƙarancin jini amfani ba. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya.

Shekarar da dawa ta shigo

Har zuwa tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin giya a Najeriya suna shigo da tsiron sha'ir ne daga Turai. Da farashin man fetur ya faɗi, kuɗin ƙasashen waje suka yi wuya, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi daga 1988, a zamanin shirin SAP. Sha'ir kuwa ba ya yin kyau a yawancin ƙasar Najeriya. Dole kamfanonin suka juya ga masara da dawa.

Yin giya da dawa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Masu burukutu da fito sun daɗe suna jiƙa ta, su baza ta har ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa. Wahalar ita ce mayar da wannan aiki na tukunyar ƙasa zuwa na injina. Sinadaran da ke juya sitaci ya zama sukari sun fi rauni a tsiron dawa, sitacin nata kuma yana buƙatar zafi mai yawa kafin ya narke, sannan ba ta da ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa kamar na sha'ir. Sai da aka sauya tsarin dahuwa da na tacewa, aka kuma riƙa ƙara sinadarai daga waje. An kuma nemi irin da ya dace, ciki har da gajeriyar kaura mai lamba SK5912 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar.

An sassauta haramcin daga baya, amma kamfanonin ba su saki dawa ba, domin da naira ake sayenta. Abin da har yanzu ake kawowa daga Dublin shi ne wani kakkauran ruwa na gasasshen sha'ir, wanda ake gaurayawa da abin da aka dafa a gida don a samu launi da ɗanɗano. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, tana samar da tan miliyan shida zuwa bakwai a shekara, mafi yawa daga Arewa. Tuwo da kunu ne ke cinye kaso mafi girma, amma kamfanoni masu saye ne da ba sa sayen kaɗan.

Lemon malt, daga Kano zuwa Alƙahira

Ta wata ƙofar kuma waɗannan kamfanoni sun shiga gidajen da giya ba ta shiga. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Maltina a 1976, Guinness ta biyo da Malta Guinness a 1990. Daga tsiron hatsi ake yin su, sai dai ba a barin yis ya juya sukarin ya koma barasa, shi ya sa suke da zaƙi. Yau da wuya a je biki ko suna ko dubiyar mara lafiya a Kano ba a ga katan ɗinsu ba.

Haka abin yake a Masar. Titin Faisal da ke Giza, a yammacin Alƙahira, wanda aka sa wa sunan Sarki Faisal na Saudiyya, na ɗaya daga cikin unguwanni mafi cunkoso a birnin, kuma wurin hirar maza a can shi ne gidan gahawa da suke kira ahwa. Ana shan shayi da shisha, ana buga domino, ana kallon wasan Al Ahly da Zamalek. Wata dokar 1976 ta taƙaita sayar da barasa don sha a wuri ga otal-otal da wuraren 'yan yawon buɗe ido masu lasisi, saboda haka abin da ke cikin firjin irin waɗannan wurare da shagunan unguwa shi ne Birell da Fayrouz, lemon sha'ir marasa barasa. Kamfanin Al Ahram ne ke yin su, shi ne kuma mai giyar Stella da ta samo asali a 1897.

A 2002 kamfanin Heineken na ƙasar Holan ya sayi Al Ahram. Shi ne ke da mafi yawan hannun jarin Nigerian Breweries, ta haka Fayrouz ta iso shagunan Najeriya. Murphy's da Beamish na Cork ma yanzu nasa ne.

Me malamai da 'yan siyasa ke cewa?

Babu saɓani a kan haramcin shan giya a Musulunci, hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida. Inda tambaya ke tasowa shi ne wajen manomi da ɗan kasuwa. Malaman fiƙihu na farko sun tattauna mas'alar sayar da inabi ga mai matsa giya, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, an hana idan mai sayarwa ya san abin da za a yi da shi. Sai dai buhun dawa kan bi ta hannun dillalai da dama kafin ya isa masana'anta, kuma masana'anta ɗaya na iya yin giya da lemon malt da hatsi iri guda. Manomin da ya kai buhu biyar kasuwar ƙauye ba shi da hanyar sanin inda za su kwana.

'Yan siyasa kuma kuɗi suke kallo. Harajin VAT da ake karɓa kan giya yana shiga asusun da ake raba wa dukkan jihohi, har da waɗanda ke fasa kwalabe. Gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya ƙalubalanci yadda ake rabon harajin a 2021, lokacin da wata kotun tarayya a Fatakwal ta yanke cewa jiharsa ce ke da ikon karɓar harajin. Masu mayar da martani daga Arewa sukan ce abincin da yankin ke tura wa Kudu ba a ɗora masa VAT, don haka ba ya fitowa a lissafin.

A watan Yunin 2024 kamfanin Diageo na Birtaniya, mai mallakar Guinness tun 1997, ya sanar da sayar da kashi 58 cikin ɗari na hannun jarinsa a Guinness Nigeria, yayin da faɗuwar darajar naira ke jawo wa reshen asara. Sunan ya ci gaba da zama mallakar Diageo, amma masana'antun sun koma hannun Tolaram, kamfanin Singafo da ke da hannu a yin taliyar Indomie da masu shayi ke soyawa da ƙwai.