Ƙahon Wanzami da Tafiyar Jini

Tun kafin a gina asibiti a Dakoro, wanzami ne mai kula da jinin jama'a a ƙauyuka irin su Mai Yara. Sana'a ce ta gado, har da sarautarta ta Sarkin Aska. Yakan zo da zabira a kafaɗa, ya kafa ƙahon saniya a gadon bayan mai ciwo, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ƙofar. In wurin ya tasa sai ya cire, ya tsattsaga da aska, ya sake kafawa. Baƙin gudan da ya juye a ƙasa shi ake kira mataccen jini, wai ya daɗe kwance a wurin. Sana'ar ta cancanci girmamawa, amma wannan bayani nata ya samo asali ne daga zamanin da ba a san yadda jini ke zagaya jiki ba.

Likitocin dā, Larabawa da Turawa, sun ɗauka hanta ce ke ƙera jini, gaɓoɓi kuma su shanye shi. Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana cewa jini na fita daga ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya shiga na hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa jinin nan guda ne ke fita yana dawowa. Baligi na da kimanin lita 5, kuma zuciya na harba kusan wannan adadi a minti guda, ko da mutum na zaune. To ina jini zai samu damar kwanciya wata da watanni a ƙarƙashin fata? Wanda ke cikin ƙaho ya yi duhu ne saboda iskar oksijin ɗinsa ta ragu, ya kuma daskare bayan fitarsa. Ƙwayoyin jinin da suka tsufa, bayan kwana 120 ko kusa da haka, saifa da hanta ke kwashe su.

Wani zai ce ai ƙaho sunna ne. Gaskiya ne, ya tabbata Annabi (SAW) ya yi, kuma ba a nan gardamar take ba. Shi kansa Ibn al-Nafis malamin fiƙihu ne. Wani kuma zai ce yakan ji sauƙi bayan an yi masa, kuma ba ƙarya yake yi ba, musamman mai ciwon baya. Sai dai ga mai hawan jini, jin sauƙi ba ya nuna jinin ya sauka, domin cutar takan ci mutum shiru, sai awo ke tona ta. Haka mai juna biyu, ko yaron da zazzaɓin damina ya tsotse, ba su da rarar jinin zubarwa.

Don haka wanzamanmu su riƙe sabuwar reza ga kowane mutum, domin ciwon hanta na bin jini. Mai yawan ciwon kai da jiri kuwa, su tura shi asibiti a auna jininsa kafin su kafa masa ƙaho.