Abin da ke sa zomayen da suka tashi tare su far wa juna dare ɗaya

A gidaje da dama na Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni, kiwon zomo sana'ar lungu ce. Keji ne na katako da waya a ƙarƙashin matakalar bene ko bayan ɗakin girki, wanda galibi matashin gidan ne ya haɗa shi da kuɗin aljihunsa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 220,000 ne ke zaune a ƙaramar hukumar, a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 28, saboda haka ba kowa ke da wurin ɗaure akuya ba. Zomo kuwa ba ya kuka, ba ya cin wuri, kuma cikinsa kwana 31 ne ko ƙasa da haka kaɗan.

Matsalar da ta fi ba sabon mai kiwo mamaki ita ce ta wayar gari ya tarar da gashi warwatse a kejin, kunnen ɗaya a yage, ɗayan ya maƙure a kusurwa yana haki, alhali uwarsu ɗaya kuma jiya a kwano ɗaya suka ci dusa.

Balaga ce kan gaba

Zomon gida ba jinsinsa ɗaya da zomon dajin da ke cikin tatsuniyoyinmu ba. Asalinsa yankin Sifaniya da Fotugal ne, inda kakanninsa ke zama rukuni-rukuni a cikin ramuka, kowane rukuni da manya da ƙanana. Binciken da Roman Mykytowycz ya yi a Ostireliya tun daga shekarun 1950 ya nuna cewa maza na da jerin fifiko nasu, mata ma da nasu daban, kuma da ƙamshin jiki suke shata iyaka. Shi ya sa ake ganin zomo yana goga haɓarsa a jikin kwano ko ƙofar keji: alamar mallaka yake sa wa.

Ƙananan zomaye ba su san wannan lissafi ba. Suna kwana a kan juna har su kai mako 10 zuwa 12, lokacin da marainan namiji ke sauka. Daga wata uku zuwa wata shida kuma, gwargwadon irin zomon, balaga ke kammala, ƙananan iri su riga manya. Daga nan ɗan'uwa ya zama abokin hamayya. A daji wanda aka fi ƙarfi gudu yake yi ya ba da wuri, rigima ta mutu. A kejin da tsawonsa bai kai mita ɗaya ba babu inda zai nufa, don haka dole ya tsaya ya rama.

Faɗan maza biyu shi ne mafi muni, domin sukan kai cizo ciki da maraina, har ɗaya ya yi wa ɗaya dandaƙa da haƙori. Mata ma ba kanwar lasa ba ne. Zomanya ta fi namiji kishin makwancinta, musamman idan tana da ciki, ko tana cikin abin da ake kira cikin ƙarya, wanda kan ɗauki kwana 16 zuwa 18, inda za ta riƙa tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗa alhali babu komai a cikinta. Wannan kishi ne ya sa ƙwararrun masu kiwo ke kai mace kejin namiji idan za a yi barbara, ba sa kai namiji wurinta.

Akwai kuma kuskuren da ke faruwa tun a wurin saye. Bambance mace da namiji a ɗan zomo mai mako shida abu ne da ke ruɗa har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Mutum zai biya kuɗin mata biyu ya koma gida da maza biyu, ba zai gane ba sai ranar da jini ya zuba.

Zafi, ƙunci da ciwo

Ba kowane faɗa ne na balaga ba. Zomo ba ya gumi kamar mutum. Ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. Da zarar zafi ya haura digiri 30 yakan shiga takura, a 35 kuma rayuwarsa na cikin haɗari. A watan Afrilu zafin Kano kan taɓa 40, kuma kejin da ke ƙarƙashin kwanon rufi ya fi haka. Dabbar da ke cikin wannan hali ba ta da haƙurin abokin zama.

Kwano ɗaya na abinci, mazubin ruwa ɗaya, maɓoya ɗaya mai ƙofa ɗaya, duk abin rigima ne. Haka ma ƙamshin baƙo: sabon zomo da aka ajiye a keji na kusa, ko hannun mai kiwo da ya taɓa wata zomanya. Sannan zomo dabba ce mai ɓoye ciwo. Wanda haƙorinsa ya yi tsawo yana sukar kumatunsa, ko ƙazuwa ta kama masa kunne, zai iya zama mafaɗaci, ko kuma 'yan'uwansa su ga rauninsa su taso masa.

Ya kamata a san bambancin faɗa da neman girma. Hawan juna, ɗan bi da gudu, ko tsige gashi kaɗan, hanyarsu ce ta tantance babba, kuma yakan lafa. Amma idan aka ga kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta ɗaga, suna gurnani suna zagaya juna, ko sun cure wuri ɗaya suna birgima, to lokacin shiga tsakani ya yi.

Yadda ake rabawa

Kada a sa hannu tsirara. Zomon da ke tsakiyar faɗa ba ya tantance yatsan mai shi da kunnen abokin gaba. A saka faifai, kwali mai kauri ko tsintsiya a tsakaninsu, ko a jefa wa ɗaya tsumma a ɗauke shi. Ɗaukar zomo ta kunne, wadda ta zama al'ada a kasuwanninmu, cutarwa ce. A tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, gindinsa da ɗayan, domin ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, idan ya yi harbi a iska zai iya karya shi.

Bayan an raba su a keji daban-daban, a bi jikin kowanne da yatsa ana buɗa gashi, musamman ciki, al'aura, wuya da gefen ido. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi. Cizon zomo yakan rufe a sama ya ruɓe a ciki, kuma mugunyarsa kauri gare ta, ba ta tsiyayewa da kanta, don haka ƙurjin da ya taso bayan kwanaki aikin likitan dabbobi ne. Da damina a kula da ƙuda, domin cikin kwana ɗaya tsutsa kan iya ƙyanƙyashewa a rauni.

Wani gargaɗi da ya cancanci a nanata shi: kada a buɗe kafson mutane a ɗura wa zomo. Magunguna dangin fenisilin, irin su amoksisilin, idan aka ba shi ta baki suna kashe ƙwayoyin halittar da hanjinsa ke dogaro da su, zawo ya biyo baya, sau da yawa kuma mutuwa. Zomon da ya ƙi cin abinci ko ya daina kashi na awa 12 bayan faɗa yana bukatar likita a ranar.

Za su sake zama tare?

Amsar ta danganta da dalilin kiwon. Mai kiwo don nama ko sayarwa ba ya bukatar sulhu. Ya raba maza da mata kafin su cika mako 12, kowane namijin da zai ajiye ya samu kejinsa, sauran a sayar ko a yanka kafin rigima ta fara. Maza biyu baligai da ba a yi wa fiɗiya ba, sake haɗa su ɓata lokaci ne.

Mai kiwo don sha'awa kuwa, hanyar da likitocin dabbobi suka fi amincewa da ita ita ce fiɗiya, kuma zaman namiji da mace da aka yi wa aiki shi ya fi ɗorewa. Sai dai namiji kan iya yin ciki har mako huɗu zuwa shida bayan aikin, saboda haka a jira. Daga nan a ajiye kejinsu kusa da juna da ɗan tazarar da haƙori ba zai kai ba, a riƙa musanya musu shimfiɗa don su saba da ƙamshin juna, sannan a fara haɗa su na 'yan mintuna a wurin da babu wanda ya taɓa zama a cikinsu. Ranar da ɗaya ya sunkuyar da kai ɗayan ya lashe shi, an kusa. Abin kan ɗauki makonni, wasu kuma ba sa shiryawa har abada. A zuba musu harawa da ciyawa wadatattu a wuri biyu, domin zomon da bakinsa ke aiki ya fi natsuwa. Ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta Birtaniya na ba da shawarar fili mai mita uku a tsawo da biyu a faɗi ga zomaye biyu. Wannan ya fi ƙarfin yawancin gidajen haya a Tarauni, amma ya isa ya nuna irin ƙuncin kejin da muka saba da shi.

Hukumar NALDA ta tarayya ta taɓa sanar da shirin shigar da matasa 17,000 kiwon zomo, a 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Cibiyar NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana bincike a kan zomo. Ilimin yana nan. Abin da matashin Gyaɗi-Gyaɗi ke da hakkin tambayar kansilansa da sashen noma na ƙaramar hukuma shi ne ko akwai malamin gona da zai zo ya duba masa keji, ya nuna masa yadda ake gane namiji tun yana ɗan mako takwas.