Likitan da ya ƙi yarda da baftisma, ya yarda da aljanu

Duk wanda ya san labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes, ya san mutum ne da ba ya karɓar zance sai da hujja. To amma shi marubucin da ya ƙirƙiro shi, Arthur Conan Doyle, tarihinsa na da ɗaure kai.

An haife shi a Edinbara ta ƙasar Sikotilan a 1859, a gidan 'yan Katolika, aka yi masa baftisma yana jariri. Koyarwar cocin ita ce wannan ruwa ne ke wanke zunubin da ɗan Adam ya gada, ya shigar da shi cikin masu tsira. A makarantar limaman Jesuit ta Stonyhurst ya fara tantama, ranar da ya ji wani limami na wa'azin cewa duk wanda ke wajen coci ya halaka. Da ya shiga karatun likita, a lokacin da ra'ayoyin Darwin da Huxley ke tashe, sai abin ya ƙarasa rushewa. Ta yaya ɗigon ruwa a goshin jaririn da bai san komai ba zai zama ma'aunin makomarsa? A 1882 'yan uwan mahaifinsa suka so haɗa shi da manyan Katolika don ya samu masu zuwa asibitinsa, ya ƙi, alhali yana cikin talauci.

Sai ga wannan mutum a 1893 ya shiga ƙungiyar binciken al'amuran ruhi ta Landan, a 1916 kuma ya fito fili ya ce matattu na magana da rayayyu. Wasu na cewa mutuwar ɗansa Kingsley ce ta juya masa tunani, amma yaron a 1918 ya rasu, bayan uban ya riga ya yi nisa. A ganin Doyle babu wani tufka da warwara. Baftisma ana so ka yarda ne ba tare da ka gani ba, shi kuwa zaman kiran ruhi, in ji shi, ana gani, ana ji, ana iya gwadawa. Wato da sunan hankali ya bar coci, da sunansa kuma ya shiga ɗakin masu kiran matattu.

Matsalar ita ce irin hujjar da yake karɓa. A 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai 9, suka ɗauki hotuna da wasu ƙananan aljanu masu fukafukai. Doyle ya buga su a mujallar Strand a 1920. Bai iya tunanin yara za su yaudari babban mutum kamarsa ba. Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar, domin kyakkyawan zato ya ɗauka a matsayin shaida.

Abokinsa Harry Houdini, gwanin dabo na Amurka, ya sha faɗa masa cewa abin da shi ke yi dabara ce kawai. A 1922 matar Doyle ta rubuta shafi 15, wai saƙo ne daga mahaifiyar Houdini da ta rasu. Da Turanci aka rubuta, da alamar gicciye a sama, marigayiyar kuwa Bayahudiya ce, matar malamin Yahudawa, Turancinta bai taka kara ya karya ba. Abotar ba ta daɗe ba bayan nan.

Doyle ya mutu a 1930 yana kan bakansa. Sai a 1983 Elsie da Frances, sun tsufa, suka amsa cewa zane ne suka yanka a kwali, suka kafe shi da allurar hula.