Hikimar Jan Hankali a Waƙar "Tabbat Haƙiƙa"

Bayan an ci Alƙalawa a shekarar 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, kusa da Boɗinga inda ƙaninsa Abdullahi ya yi zango, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. A wannan zama ne ya tsara waƙar da aka sani da "Tabbat Haƙiƙa". Da Fulatanci ya yi ta; 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi.

Abin lura na farko shi ne waɗanda aka yi waƙar dominsu. Sarakunan Gobir sun riga sun faɗi, mulki ya koma hannun jama'ar Shehu, kuma kwaɗayin dukiya da sarauta ya fara shigarsu. Wannan ne ma ya sa Abdullahi ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya Makka, bai wuce Kano ba. Ke nan gargaɗin na 'yan gida ne, gargaɗin ɗan gida kuwa ya fi wuyar yi.

Shehu bai tsaya kan zagin zalunci a dunƙule ba, domin kowane azzalumi yana iya jin irin wannan wa'azi ya gyaɗa kai. Sai ya bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya: mai mulkin da ke cin dukiyar talakawa, alƙalin da ke karɓar rashawa, mai bautar da ɗa, mai ha'inci a kasuwa. Bai ambaci sunan kowa ba, saboda haka babu mai fitowa ya kāre kansa ba tare da ya tona asirinsa ba. Sa'an nan kowane baiti yana ƙarewa da amshi guda, wanda mai sauraro kan riga mai rerawa faɗa. Da bakinsa yake tabbatar da hukuncin, ko da a kansa ya faɗa.

Fassarar Asma'u ta ƙara wa waƙar kaifi. Littattafan Larabci na malamai ne. Waƙar Hausa kuwa mace a tsakar gida da manomi a gona suna iya haddace ta. Amma waƙar ta kuma umurci talakawa da biyayya ga shugabanni, hukuncin da take ambata kuma na Lahira ne. Ta ba talaka ma'aunin da zai auna hakiminsa, ta bar sakayyar a hannun Allah.