Porsche 944: Abin da ya sa sauya kulocinta ke buƙatar kwance rabin mota

A mafi yawan motoci, bakanike kan sauke giyabos ne kawai ya tarar da kuloci a gabansa. A Porsche 944, motar tsere ta Jamus da aka ƙera daga 1982 zuwa 1991, aikin yakan faro ne daga bayan mota, ko da yake kulocin yana gaba, manne da inji. Wannan ne ya sa kuɗin aiki kan zarce kuɗin kayan, har wasu masu motar kan jingine ta maimakon su gyara.

Yadda aka tsara motar

Injin 944 na farko mai silinda huɗu ne, lita 2.5, kuma yana gaba. Giyabos kuwa an kai shi baya, aka haɗe shi a gida ɗaya da na'urar da ke raba juyi ga tayoyin baya. Wannan haɗin shi ake kira turansaksil. Tsakaninsa da inji akwai doguwar farfela da ke juyawa cikin wani bututun ƙarfe mai ƙwari, wanda ya ɗaure gaba da baya suka zama abu guda. Manufar ita ce raba nauyi kusan daidai tsakanin tayoyin gaba da na baya, domin motar ta kama titi idan ta sha kwana da gudu.

Kamfanin ya fara wannan tsari da 924 a 1976, ya bi da 928 a 1977. An ƙera 944 fiye da 160,000, akasarinsu a masana'antar Audi da ke Neckarsulm. Bututun kansa ba baƙo ba ne ga tsofaffin bakanikan Arewa, domin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ita ma farfelarta a cikin bututu take. Bambancin shi ne giyabos ɗin 504 yana gaba, a bayan inji.

Inda matsalar take

Faifan kulocin da ƙananan 944 suka fito da shi yana da cibiya ta roba a madadin sifirin, domin ta shanye girgizar inji. Roba kuwa tana tsufa ko da mota na ajiye. Idan ta tsage, direba kan ji ƙarar bugu duk lokacin da ya taka totur ko ya ɗaga ƙafa, wani lokaci kuma ɓarɓashinta kan maƙale ya hana giya shiga. Saboda haka kuloci na iya mutuwa alhali fuskar faifan ba ta cinye ba. Masu gyara da yawa kan maye gurbinsa da faifai mai sifirin, wanda ya fi ƙarko amma yakan bar ɗan kara daga giyabos.

Ana iya auna cinyewar faifan ba tare da an kwance komai ba. A jikin gidan kuloci akwai wata ƙaramar kafa da ake auna tazara ta cikinta: milimita 18 na nuna sabo, idan ta kai 34 lokacin sauyawa ya yi.

Matakan aikin

Ana fara cire wayar batir, a ɗaga mota ta zauna a kan matokaran ƙarfe huɗu, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne ga wanda zai kwanta a ƙasa. Sai a sauke salansa, a kwance sandar giya daga cikin mota, a raba sandunan da ke juya tayoyin baya da giyabos.

Daga nan a sassauta maɗaurin da ya haɗa farfela da giyabos, a zame shi, sannan a sauke giyabos ɗin gaba ɗaya. Sai da ya sauka ne bututun zai sami wurin ja da baya. A gaba kuma, ana cire kik da ƙaramar silindar da ke tura kuloci, a kwance notikan bututun, a ja shi baya har bakin farfela ya fita daga faifan.

Kafin gidan kuloci ya fito, dole a cire wasu na'urori biyu da ke samansa, masu sanar da kwamfutar inji saurin juyawarsa da matsayinsa. Suna cikin lungu tsakanin inji da jikin mota, kuma sukan maƙale saboda tsatsa. Wanda ya tilasta su ya karya ya ƙara wa kansa kashe kuɗi. Haka nan sandar da cokalin kuloci ke juyawa a kanta takan ƙi fita sai an ja ta da ƙarfi. Bayan waɗannan ne ake ganin kulocin. Ƙurar da ke ciki ba a hura ta da iska, domin tsofaffin faifai na iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu.

Abin da ake sauyawa tare

Tun da hanyar shiga tana da tsawo haka, sauya faifai kaɗai asara ce. Ana haɗawa da farantin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakin kuloci, da ƙaramin boris da bakin farfela ke zama a ciki, da robar da ke tare baƙin mai a bayan inji. Wannan robar ba ta da tsada, amma idan ta fara yoyo bayan wata biyu, mai zai jiƙa sabon faifan, a sake kwance komai daga farko. Ana kuma duba fuskar ƙarfen da faifan ke manne wa, a goge shi a injin sassaƙa idan zafi ya ɓata shi.

Wajen mayarwa, abubuwa uku ne suka fi jawo komawa gareji. Faifan sai an saita shi a tsakiya da sandar gwaji, in ba haka ba farfela ba za ta shiga ba. Notikan maɗaurin farfela sai sun faɗa cikin gurbinsu, domin idan suka kauce haƙoran farfelar za su cinye. Na'urar auna saurin inji kuma tana buƙatar tazarar milimita 0.8 daga haƙoran da take karantawa. Idan ta yi nisa mota ba za ta tashi ba, idan ta matso da yawa haƙoran za su niƙe ta.

Yadda sauran motoci suka yi

Wahalar ba dole ba ce ga duk mota mai giyabos a baya. A 928, ana buɗe murfi daga ƙasa a ciro kulocin ba tare da an taɓa giyabos ba. Alfa Romeo Alfetta ta Italiya, wadda ta fito a 1972, ta kai kulocin kansa baya ya zauna tare da giyabos. Corvette ta Amurka ta 1997 ta bi tsari irin na 944, kuma a cikinta ma sai an sauke kayan baya kafin a kai ga kuloci.

Porsche da kansa ya gyara lamarin a 968, wadda ta gaji 944 aka ƙera ta har 1995: an yi wa gidan kulocinta ɓangaren da ke buɗewa, yadda za a sauya faifai giyabos na nan a wurinsa. Sai dai wannan bai taimaki dubban 944 da ke kan titi ba. Wanda ya sayi sabuwa a shekarun 1980 ya mori daidaiton nauyinta, wanda ya saye ta hannu na uku ko na huɗu shi ke biyan kuɗin kwance ta. Shi ya sa a cinikin tsohuwar 944, takardar da ke nuna ranar da aka sauya kuloci da irin faifan da aka sa tana cikin abubuwan farko da mai saye kan nema kafin a yi maganar farashi.